Laraba Uku a Kalandar Yaji

Ranar da na ajiye alli na bar koyarwa, na ɗauka ni da jadawali mun rabu ke nan har abada. Shekara talatin da ɗoriya ina bin ƙararrawa, na ce to yanzu sai barcin hantsi da zuwa suna. Ashe wani jadawalin yana jirana a cikin waya, shi kuma ko hutun ƙarshen zango ba shi da shi. Labarin idon yayata zan bayar, amma sai na bi ta kan kalandar nan kafin in kai gare shi.

Yaya ce mai yaji. A Koki aka haife mu, aka kai ta aure Sheshe, can ta fara daka tun ina ’yar makaranta: na daddawa, na tafarnuwa, da na jego wanda har yau ban ga wanda ya kamo ƙafarsa ba. Ba ta san wani abu talla ba. Mace ta haihu a aiko a saya, masu zuwa barka su ɗanɗana su tambayi na wace ce, shi ke nan. Haka aka yi shekara da shekaru, kowa yana barcinsa lafiya.

Sai ’yarta ta fari ta gama karatu ta sami aiki a Abuja. Ni na riƙe yarinyar nan tun daga yaye, ni take kira Inna, uwarta kuwa Hajiya take ce mata kamar kowa. Yaya irin mutanen da ce. Ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta zama su yi hira, ko a tabarma ɗaya suke sai ta juyo wajena ta ce, “Tambayi ’yarki ko ta ci abinci.” Kunyar ’yar fari ke nan. Mu mun saba, ba ma ko jin abin wani iri.

’Yar tawa ce ta ce yajin Hajiya ya wuce a riƙa ƙulla shi a leda. Aka sayo robobi, aka buga sitika, aka fara ɗaukar bidiyo ana watsawa a waya, har da ɗan talla a rediyo. Da abin ya yi yawa muka fara karo da juna, yau a manta da mai bidiyo a tsaye a ƙofar gida, gobe a sanar da rangwame alhali ko barkono ba a niƙo ba, sai ta buɗe mana kalanda guda a waya wadda kowa yake gani yake kuma iya rubutu a ciki. Mu biyar ne: ita, ni, Yaya, mai ɗaukar bidiyo, da matar da ke karanta tallanmu a gidan rediyo. Kowa da launinsa. Nata shuɗi, nawa ruwan ɗorawa. Da aka tambayi Yaya, ta bakina mana, ta ce in dai dole ne a ba ta ja, launin abin da take dakawa. Ba ta taɓa rubuta komai da shi ba, amma takan sa in nuna mata shi, ta yi dariya.

Doka ɗaya yarinyar nan ta kafa, ta kuma maimaita mini ita har na haddace. “Inna, abin da ba ya cikin kalanda babu shi. Ranar da na gani fara, ta kowa ce.”

Gaskiya kalandar ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Amma Allah ya sani ta gajiyar da ni. Kafin in shafa addu’ar asuba waya ta yi ƙara: yau hoton yajin tafarnuwa, ƙarfe goma. Gobe tunatar da masu sari. Jibi muryar rediyo. Tallan azumi tun watan Rajab ake tsara shi, na ƙaramar Sallah tun ba a kai azumi goma ba, kana sauke wannan na babbar Sallah ya leƙo. Ni da nake hukunta yara a kan makara, sai ga ni ina ba wa ’yar da na goya haƙuri don hoto ya fita sha ɗaya maimakon goma. Wani lokaci in kalli watan gaba in gan shi cike dam, ko ina shuɗi da ruwan ɗorawa, in ji kafaɗuna sun yi nauyi tun ban shiga cikinsa ba.

Ana saura ’yan makonni azumi na lura Yaya tana laluben ludayi alhali yana gabanta. Na matsa mata, da ƙyar da jan rai muka je asibitin ido, ni da ita kawai. Likita ya daɗe yana haska ta. Ya ce hawan jinin ido ne, na hagun ya riga ya yi nisa, amma na daman za a iya cetonsa in aka yi aiki da wuri. Ya nanata da wurin nan har sau biyu. Aka rubuta mana rana a kati, wata Laraba.

A cikin adaidaita, muna shigowa ta Ƙofar Nassarawa, na ciro waya zan sa ranar. Yaya ta dafe hannuna.

“Kada ki sa ni a abin nan naku.”

“Haba Yaya, to ta yaya za a san ranar taki ce?”

“Mai hoto yana gani, matar rediyo tana gani. Gobe a ji a gari mai yaji ba ta gani, wa zai ƙara cin abin da na daka? Za a ce har tsakuwa ake samu a ciki.”

“To bari in gaya wa ’yarki ita kaɗai.”

Ta kalle ni da idon nan mai sauran gani. “’Yarki dai. Ni in kai mata kukan ciwo? Ban yarda ba, ko bayan raina ban yafe ba in kika faɗa.”

Wanda bai tashi a gidanmu ba zai ce me ya hana ki faɗa ɗin. Yaya ce ta yi mini wankan jego, ita ta rufe wa mahaifiyarmu ido. In ta ce ban yafe ba, ni dai ba na iya ƙetare maganarta. Na mayar da waya jaka, Larabar ta zauna fara tas.

Kwana huɗu ta yi a haka. Ran na biyar na buɗe na ga shuɗi ya hau kanta: ɗaukar bidiyon azumi, Hajiya tana daka da hannunta. Na buga waya Abuja a take.

“A ɗaga wannan ranar.”

“Me ya faru, Inna? Na duba babu komai a cikinta.”

“Muna da unguwa.”

“Ku je Alhamis mana. Mai bidiyo ranar kaɗai yake da ita kafin azumi, da ƙyar na samo ta.”

Na saka mayafi na taka har Sheshe, raina a ɓace. Na tarar da Yaya tana tsince citta a faranti. Na zayyana mata komai, na ce yau dai sai ta bar ni na faɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Yarinya ta yi ta ɗawainiya daga can, sai a ce an rushe saboda ni? Ido ba gudu zai yi ba. Je ki karɓo mana wata ranar.”

Aka yi bidiyo, ya kuwa yi kyau. Yaya ta ɗaura ɗankwalinta na fita kunya, ta daka, ta yi murmushi. Ni kuma washegari na je na bi layi tun safe har azahar, aka ba mu wata Larabar, bayan ƙaramar Sallah. Matar da ke rubutu a katin ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Hajiya, irin wannan ciwon ba ya jira fa.” Na ce na sani. Wallahi na sani ɗin.

A karo na biyu na ce zan yi dabara. Na shiga kalanda na rufe ranar da launina, na rubuta: Inna ba ta nan. Na zauna ina jin kaina mai wayo. Bayan mako guda shuɗi ya zo ya zauna a ƙarƙashin rubutuna. Matar rediyo ta samo mana fili a shirin mata, kai tsaye, suna son mai yajin da kanta ta zo ta yi bayanin kayan jego. Saƙo ya biyo baya: “Inna, na ga ba kya nan ranar, ba komai, ki je hidimarki. Na yi magana da mai mota zai ɗauko Hajiya.”

Tabɗi! Ranar na yi wa Yaya tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce wace irin kara ce wannan, mutum ya makance don kada ya ɓata wa ’yar cikinsa tsari? Na ce rediyon banza, yajin banza. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, “Rage murya, masu taya mu ƙulli suna ji.” Can ta ƙara da cewa an riga an sanar a gari za ta yi magana, in ba ta je ba sai an tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba ta so a ji.

Na raka ta gidan rediyon. Na zauna a benci a waje ina jin muryarta tana fitowa daga wata ’yar rediyo a teburin mai gadi, tana bayanin kimba da masoro da kanumfari, wanne ke ɗumama ciki, wanne ke kawo ruwan nono. Har mai gadin ya ce, “Kai, tsohuwar nan ta san abinta.” Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a bencin nan, ƙarƙashin fushin, wani sauƙi na ji. Ba sai na yi faɗa da kowa ba yau. Ba sai na zaɓi tsakanin yayata da ’yata ba. Na gaji ne ƙwarai, abin da ya fi sauƙi shi na bari ya faru.

Rana ta uku da aka ba mu ta faɗo gab da babbar Sallah. Duk mai sayar da yaji ya san wannan ne lokacinsa, gida-gida ana suyar nama, kowa yana neman abin barbaɗawa. Na rantse a raina ko sama da ƙasa za su haɗu sai mun je. Ban sa komai a kalanda ba tunda dabarar farko ba ta yi ba, na dai soke katin a aljihun jakata, na ce wannan a kaina zan riƙe ta.

Sai wata ya yi mana abin da ya saba. Kalandar waya lissafin boko take bi, mu kuma Sallarmu sai an ga wata. Aka gan shi kwana guda kafin ranar da muka yi zato, komai na makon ya zama dole a jawo shi baya. Motar da za ta kai kaya Kaduna da Abuja, sanarwar rangwame, hoton ƙarshe, ranar rufe karɓar oda, duk suka hau kan juna. ’Yar tawa tana wani taro a wurin aikinsu, ta ce, “Inna, don Allah ki gyara, na yarda da ke.” Na zauna da tabarau a tsakar gida bayan la’asar, ina jan wannan ina tura wancan, kaina kamar zai tsage. Babban ƙulli da lodin mota ya rasa wurin zama. Ina dubawa sai ga wata Laraba fara tas, ba kowa a kanta. Har hamdala na yi. Na ɗora lodin a kai da ruwan ɗorawata, na rufe waya na tashi na yi alwala.

Ranar ta zo, muka wuni muna cika robobi muna liƙa sitika, Yaya tana zaune a kan kujerarta ’yar tsugune tana ɗanɗana kowane kwano kafin a zuba. Mota ta tashi kafin magariba. Sai washegari Alhamis, ina neman makullin ɗaki a jaka, hannuna ya taɓo katin.

Ban san yadda na isa Sheshe ba. Na tsaya a kanta da katin a hannu.

“Yaya, jiya ce fa. Jiya ce ranar.”

“Na sani.”

“Kin sani kika yi shiru? Kina kallona ina liƙa sitika?”

“Na ga kin gaji,” ta ce. “Na ce bari kawai a wuce Sallar.”

Na zauna a ƙasa, a kan simintin da barkono ya rine, na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

Bayan Sallah da kamar mako uku aka sake ɗaukar wani bidiyo, na godiya ga masu saye. Abu ne mai sauƙi: Yaya ta ɗebi yaji da cokali ta zuba a roba, ta ɗago ta yi murmushi. Ni ina can wajen murhu, ban gani ba. Mai bidiyo kuma, ko kunya ce ta hana shi magana ko bai kula ba, oho, ya tura shi Abuja yadda yake. Da yamma wayata ta yi ƙara. Ko gaisuwa babu.

“Inna, me ya sami idon Hajiya?”

Na ce, “Me kika gani?”

“Cokali uku ta zuba, duk a kan tire, roba tana gefe. Tana murmushi. Inna, me ya sami idonta?”

A nan na karya alkawarin. Ban ma ji nauyin karya shi ba, sai mamakin yadda maganar ta fito cikin numfashi biyu, maganar da na yi wata biyar ina danne ta.

Da hantsin washegari ta iso Kano. Ba ta tambayi kowa izini ba, ta sa uwarta a mota muka tafi. Likitan ya duba, ya sake dubawa, ya jawo katin ya ga ranaku uku da aka rubuta aka soke. Ya ce, “Me ya hana ku zuwa?” Na sunkuyar da kai. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na daman ma yanzu ɗan haske ne ya rage, tana iya bambance rana da inuwa, za a ba da maganin ɗigawa a riƙa zuwa awo duk wata ko Allah zai sa a riƙe wannan ɗin. Yaya ta ce, “Alhamdu lillahi, mun gode, likita,” kamar wadda aka yi wa albishir.

Da muka dawo gida Yaya ta shiga ɗaki ta kwanta. Ni da ’yar tawa muka tsaya a soro. Ta ciro waya ta buɗe kalandar, ta miƙo mini.

“Nuna mini ranakun.”

Na ja baya zuwa kafin azumi, na nuna mata ta farko. Shuɗi. Na nuna mata ta biyu. Shuɗi, a ƙarƙashin ɗan rubutuna na wayo. Ta ce, “Ni ce ke nan. Ni na yi.” Na ce tsaya, ba ki ga ta uku ba. Na kai ta makon Sallah na ɗora yatsa a kan ruwan ɗorawar, babba, ta cika ranar daga sama har ƙasa. Ta daɗe tana kallo.

“Me ya sa ba ki rubuta ba, Inna? Ko kalma ɗaya.”

“Ta ce mai hoto zai gani, matar rediyo za ta gani.”

Ta dube ni. Sannan ta taɓa wani wuri a wayar, ta sake taɓawa, ta ce, “Shi ke nan, yanzu ba sa ganin na Hajiya. Daga ni sai ke.” Taɓawa biyu. Abin yana nan tun ranar farko, ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba, don tambayar ma sai na faɗi dalili. Ban taɓa jin tsufa ya sauko mini irin na wannan lokacin ba.

Ta zauna a dakalin soron ta bi watanni ɗaya bayan ɗaya, Larabar farko ta kowane wata, tana rufe ta da ja, har ƙarshen shekara ta shiga wata shekarar. Duk abin da ta tarar a kai ta ture shi gefe, ko na waye. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi ta ce in zo mu shiga.

Yaya ta tashi zaune a bakin gado. Yarinyar nan ta durƙusa a gabanta, kusa ƙwarai, kusancin da ban taɓa gani tsakaninsu ba tun tana jaririya. Ta ɗaga wayar daidai fuskarta.

“Hajiya, ga ranakunki. Duk jan nan naki ne, ba mai taɓa shi.”

Ta ci gaba da riƙe wayar a sama. Ta daɗe a haka har hasken ya ɗauke da kansa, gilashin ya koma baƙi. Ita ba ta lura ba, kanta yana sunkuye. Ni da nake tsaye a gefe na gani.

Yaya ta ƙura wa baƙin gilashin ido, ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta juyo inda take jin numfashina.

“Ce wa ’yarki ya yi kyau,” ta ce. “Jan ya fito sosai.”

Na juya na faɗa mata, kamar yadda na saba.